Gurbin Gwiwoyi a Ɗakin Sama

Jama'a, wannan abin a kaina ya faru, ba ji na yi an ce ba, kuma Allah ne shaidata. Ni mutum ne da ko ranar mako aka tambaye ni sai na duba waya kafin in amsa don kada in yi ƙarya, balle in zauna in ƙago magana irin wannan. Shekara huɗu ke nan ko biyar, ban tabbata ba, shi ya sa na faɗi duka biyun.

Na daɗe ina tuƙin tasi a Washington, ina zaune a Landover, mu biyar a gida ɗaya. Bokona bai wuce firamare ba, Turancin ma a bakin fasinja na tsince shi. Da ciwon baya ya hana ni zaman mota, sai wani dattijo Bakatsine da ke Mitchellville, wanda duk muke kira Baffa Likita, ya nuna mini aikin tafinta ta waya. Aikin shi ne, idan an kai Bahaushe asibiti ba ya jin Turanci, sai nas ta kira kamfani, kamfani ya turo maka kiran a kwamfuta, ka sa abin sauraro a kunne, ka juya maganar likita zuwa Hausa, ta mara lafiya zuwa Turanci. Ba ka ƙara komai, ba ka rage komai. Sharaɗinsu ɗaya ne mai wuya, dole ka kasance a ɗakin da babu hayaniya, mu kuwa gidanmu na Landover ko da asuba akwai mai soya albasa yana waya da Kano.

To, haka na koma wani ɗan ƙaramin gari a cikin duwatsu, tafiyar awa ɗaya da rabi yamma da Washington. Titi ɗaya ne babba, gidajen dutse da jan bulo tun zamanin da Turawan Ingila suke mulkin ƙasar, coci biyu, kantin tsofaffin kaya, sai kogi daga ƙasa. Da safe gajimare yakan sauko ya zauna a kan rufin gidaje har hantsi. Na kama ɗakin can sama a gidan wata tsohuwar Baturiya, Madam Carol, ɗaki mai gajeren rufi da taga ɗaya, an shimfiɗe shi da kafet ruwan toka. Ni kaɗai ne Musulmi a garin, a iya sanina. Sai in yi mako ban yi Hausa da kowa ido da ido ba, amma kullum ina cikinta a waya, daga mai naƙuda sai mai ciwon suga.

Sai na gaya muku halina kafin ku gane sauran. Ina da waswasi. Alwala ɗaya nakan yi ta sau uku, in idar da salla in zauna ina tunanin ko na yi sujada biyu a raka'a ta uku, in tashi in sake. Da na shiga ɗakin nan, alƙibla ce ta fara tayar mini da hankali. Kun san a gida gabas muke kallo, shi ke nan, ko yaro ya sani. A Amurka kuwa ba haka ba ne, sai ka karkata hagu, arewa maso gabas. Na auna da wayata, na ari ta Madam Carol na sake aunawa, na kira Baffa Likita har sau biyu, sannan na manna salatif a kan kafet don kada dardumata ta goce ko da yatsa ɗaya. Abu ɗaya kuma da yake ba ni haushi a ɗakin, akwai wani wuri kusa da taga da ƙafar kujerata takan faɗa, kamar katakon da ke ƙarƙashin kafet ya lotsa. Na ce tsufan gida ne, na matsar da tebur.

Ranar da abin ya faru Laraba ce, wannan kam na tabbata, bayan la'asar, lokacin da ganyen itatuwa ya yi ja yana zuba. Rana tana nan tar a waje. Kira ya shigo. Ka'ida ita ce lambar asibiti ta fito a kwamfuta, nas ta fara magana ta gabatar da kanta, amma wannan babu lamba, babu nas, sai wani sauti kamar iska a cikin kara. Na yi gaisuwar aiki da Turanci, shiru. Na yi sallama da Hausa.

Aka amsa. Muryar tsoho ce, a hankali, kuma Hausarsa irin wadda rabona da jinta tun bakin kakata, kowace kalma a zaune. Ya gaishe ni gaisuwa doguwa, ya tambayi gida, ya tambayi mutanen gida, ya tambayi ruwa da amfanin gona. Na ɗauka wani dattijo ne da 'ya'yansa suka kawo shi ƙasar nan aka kwantar a gidan kula da tsofaffi, nas ta miƙa masa waya ta fita. Na ce, "Baba, akwai likita kusa da kai? Ni tafinta ne."

Ya ce, "A'a ɗana, da kai nake son magana. Na jima ban ji harshen nan a bakin kowa ba sai nawa."

Na ce to, Allah sarki, ina jin ka.

Ya ce shi tun da aka ƙetaro da shi babban ruwa bai taɓa barin salla ba. Babu ladani, babu malami, babu wanda zai tambaya, wani lokaci ma sai a ɓoye. Ya ce yakan duba inda rana take fitowa ya fuskanci can, kamar yadda mahaifinsa ya koya masa, kuma a haka ya yi ta yi har ƙarfinsa ya ƙare. Sannan ya ce, "Ɗana, kai da ka zo daga baya, ka fi ni sanin ƙasar nan. Daidai na fuskanta?"

A nan ne na yi kuskuren da har yau yake cina. Ni dai tsorona kada in faɗi abin da ba shi ke nan ba, kada a tambaye ni gobe ƙiyama. Sai na gyara murya kamar wani masani na ce, "Baba, gaskiya a ƙasar nan ba gabas sak ake kallo ba. Sai an karkata hagu, arewa maso gabas. An auna, haka yake."

Iskar nan ta ci gaba da kaɗawa a kunnena. Can ya ce, "Duk shekarun nan."

Na gyara abin sauraro a kunnena.

Ya ce, "Shi ya sa shimfiɗarka take a karkace. Ni na zaci kai ne ka ɓata, ina ta jin nauyin in gaya maka."

Kiran ya yanke.

Na fi minti goma a zaune da abin sauraro a kunne kafin maganar ta shige ni. Kwamfutar aikina ba ta da kyamara a buɗe, aikin murya ne kawai. Dardumata kuwa tana bayana a kan salatif ɗinta, inda na bar ta bayan la'asar. Na kira ofis na ce a duba mini kiran da ya shigo yanzu, matar ta duba ta ce tun ƙarfe uku babu wanda aka turo mini, ko ina so ta rubuta cewa na'urata tana da matsala? Na ce a'a, na gode.

Washegari na kasa aiki, idona yana kan wurin nan da kujera take faɗawa. Ban san abin da ya haɗa wurin da kiran jiya a raina ba. Amma kafet ba nawa ba ne, ba zan ɗaga kayan mutane ba izini ba, sai na sauka na roƙi Madam Carol. Ta hau da ƙyar tana riƙe bango, tana cewa in dai ɓera ne kada in nuna mata. Muka janye tebur, na naɗe kafet daga wajen taga.

Tsohon katako ne mai faɗi. A jikinsa akwai gurbi biyu a jere, marasa zurfi, sun yi sumul kamar cikin tsohuwar akushi. Gaba da su kaɗan akwai na uku, ƙarami, ya fi sauran duhu. Madam Carol ta ce ai ta san da su tun tana yarinya, kakanta yakan ce wata babbar akwati ce ta zauna a wurin. Na tambaye ta wa yake kwana a ɗakin nan a zamanin da. Fuskarta ta yi ja, ta ce mutanen da suke yi wa gidan aiki. Sai kuma ta ce, "A'a, bari in faɗa daidai. Bayi ne. Ba mu san sunan ko ɗaya ba."

Da ta sauka, na cire takalmi na durƙusa. Gwiwoyina suka zauna a gurbin nan biyu kamar an auna, na sunkuya, goshina ya sauka a na ukun. Na ɗago na duba taga, daidai tsagin dutsen da rana take ɓullowa kowace safiya. Gabas sak. Salatif ɗina kuwa yana gefe, ya karkata hagu.

Ba tsoro ne ya fi kama ni ba, ku yarda da ni. Kunya ce da nauyi. Shekara nawa goshi yake yi kafin ya ci katako? Mutumin da aka raba da kowa nasa, abu ɗaya ya rage masa, ya riƙe shi har ya huda itace, ni kuma da wayata da salatif ɗina na zo cikin minti ɗaya na ce masa ya karkace.

Ranar Asabar na tuƙa har Mitchellville duk da ciwon bayana. Na tarar da Baffa Likita a bayan gida yana fama da tumatirinsa da sanyi ya fara kashewa. Yana ganina ya ce, "Sarkin shakka, yau kuma sallar wace shekara za mu rama?"

Na ce, "Baffa, ba tawa ba ce." Na tambaye shi hukuncin mutumin da ya yi shekaru yana kallon gabas a ƙasar nan, babu mai nuna masa, babu abin aunawa.

Ya ce, "Wannan ai ko a makarantar zaure an wuce wurin. Ya yi iya ƙoƙarinsa, lokacin ya wuce, babu ramuwa a kansa ko raka'a ɗaya. Sauran kuma tsakaninsa da Mai karɓa ne, kuma Shi ba da abin awo yake karɓa ba. Wa ya tambaye ka?"

Na ce wani dattijo ne a waya.

"Me ka ce masa?"

Na faɗa masa.

"Shi ke nan abin da ka ce?"

Na ce shi ke nan.

Ya ajiye almakashin da ke hannunsa ya dube ni, babu wasa a fuskarsa yanzu. Ya ce, "Kai da aka koya wa kada ka rage komai. Ka ba tsoho rabin magana, rabin da yake ciwo. Koma ka cika masa." Na ce ba ni da lambarsa. Ya ce in nema. Ban gaya masa sauran ba, sai yau idan ya karanta wannan.

Mako biyu ina jiran kiran nan. Ko banɗaki zan shiga sai na ƙara ƙarar kwamfuta. Duk kiran da ya shigo sai in yi wuf in ɗauka, sai in ji nas tana karanto lamba. Tsohon bai sake kira ba.

Ranar da na gaji da jira, rana tana shirin faɗuwa, na kashe kwamfuta na tsaya a tsakiyar ɗaki. Na ji kaina kamar mahaukaci, amma na yi sallama da ƙarfi, na ce, "Baba, ni ne ɗan nan da ka tambaya. Na rage maka magana, ka yafe mini. Na tambayi wanda ya fi ni sani, ya ce babu ramuwa a kanka. Ka yi abin da aka ɗora maka, har ka fi." Na maimaita sau uku, don halina ne. Babu abin da ya motsa, sai wata mota da ta wuce a ƙasa.

Magariba ta yi, na yi alwala, na hau darduma na tayar da salla. Na karanta Fatiha a bayyane, ina kai ƙarshenta, kafin in buɗe baki, aka ce amin. A damana, kusa da kafaɗata, daidai inda mutum yake tsayawa idan su biyu ne kawai da liman. A hankali aka faɗa, irin ta wanda ya sauke kaya.

Ban yanke sallar ba. Da na zo sallama, dole in juya dama, sai na rufe ido na juya. Bayan na idar, tunanin farko da ya zo mini, ku ji halin waswasi, shi ne ai ban yi niyyar limanci ba, ko in sake? Na zauna ina kallon katakon nan. Ban sake ba. Rabona da in yi salla sau ɗaya in bar ta ga Allah, na manta.

Na ƙara wata bakwai a ɗakin, ban kuma jin komai ba. Ban mayar da kafet a wurin ba, kuma ban taɓa taka gurbin da takalmi ba. Da zan tashi na roƙi Madam Carol kada ta bari a goge katakon, ta ce muddin tana raye.

Ban san ko wane ne ba. Aljani ne, mutum ne, ko kaɗaici ne ya yi mini yawa, Allah ne masani, ba zan rantse a kan abin da ban gani ba. Shawarata dai, idan wani ya zo ya tambaye ku game da abin da ya ƙarar da rayuwarsa a kai, kada ku yi saurin fito da abin awo. In kun san rabin amsa, ku ce a jira ku nemo sauran, don ba kowa ne yake sake kira ba. Ni har yau, duk magaribar da na yi ni kaɗai, nakan ɗan dakata a ƙarshen Fatiha, kuma nakan bar wuri a damana.