Cigiyar Bajimi Mai Karyayyen Ƙaho

Shekarun da na yi ina gabatar da shirin safe a wani gidan rediyo a Dutse, da baki aka san ni. Ba da ilimi ba, ba kuma da murya ba, don muryata ko a gidanmu na Yalwawa ba ta taɓa burge kowa ba. Da an gama labaran ƙarfe bakwai sai a sakar mini makirufo, in sa waƙa, in karɓi gaishe-gaishe ta waya, in karanta cigiya da sanarwar ɗaurin aure da ta rasuwa, har ƙarfe tara. Ranar Laraba da la'asar kuma mu ɗauki wasan kwaikwayo, kullum ni ake ba wa ɓarawo saboda na iya ihun shan duka. Abokin aikina mai kula da na'ura yakan naɗe wata tsohuwar katifa ya yi ta zabga mata bel, ni kuma ina gefe ina "wayyo Allah, na tuba," muna ƙunshe dariya. Masu sauraro suna son wurin nan ƙwarai. In mako ya wuce ba a daki ɓarawo ba, sai an bugo waya an yi mana ƙorafi.

Mai sauraro a wajenmu ba ya zama wuri ɗaya, kuma ban ga laifinsa ba. Da ɗan yatsa zai murɗa ya koma tashar Kano, ya ƙara murɗawa ya faɗa ta Bauchi. Shi ya sa na koyi zuba yaji a komai. Cigiyar akuya sai in mai da ita labari, in yi wa akuyar kirari, in tsine wa wanda ya ɗauke ta, ko da kuwa babu wanda ya ɗauka. Shugaban sashenmu ya sha ce mini, "Ka karanta abin da ke takarda, ka bar abin da ke kanka." In ce to, in shiga in yi abin da na saba. A lokacin ina ganin hassada ce kawai, don wayar shirina ta fi ta kowa ƙara.

Wata rana da yamma, damina ta kankama ana tsakiyar huɗa, wani magidanci ya zo ba da cigiya. Daga wani ƙauye yake tsakanin Dutse da Kafin Hausa, ƙafar wandonsa duk taɓo. Ɗaya daga cikin shanun huɗarsa ne ya ɓata kwana uku da suka wuce, ranar da aka yi ruwan nan mai tsawa. Bajimi ne fari, da baƙin tabo a wuya, ƙahon hagu a karye daga tsini. Ya ce ɗayan yana nan a turke, amma sa ɗaya ba ya jan garma, ga maƙwabta duk sun yi nisa da aiki. Ni da kaina na rubuta masa takardar. Na tambaye shi, "Ko dai sace shi aka yi?"

Ya ce, "Allah ne masani, Malam. Amma guntun igiyar na tarar a turke, a tsinke take, ba yanka ta aka yi ba. Tsawar ce ta firgita shi."

Na faɗi wannan ne don kada wani ya nema mini uzuri. Na san ba sata ba ce tun kafin in buɗe baki.

Washegari da safe na karanta cigiyar yadda take: kamannin bajimin, sunan ƙauyen, da roƙon duk wanda ya gan shi ya taimaka don Allah. Da a nan na tsaya da shi ke nan. Amma a 'yan kwanakin ana ta maganar satar dabbobi, na ga ga wurin da zan samu kunnen jama'a. Sai na ce, "Jama'a, ku ma kun san sa ba ya kwance kansa. Duk wanda kuka gani yana jan wannan bajimi, kada ku tsaya tambayarsa sunan kakansa. Ku riƙe shi, ku ɗan sassama masa jiki kafin hukuma ta iso, irin yadda ake yi mini ranar Laraba." Na ƙyafta wa abokin aikina ido, ya saki sautin dukan katifar nan da ihuna a kai. Muka yi dariya har da dukan tebur, na sa waƙa.

Wajen takwas da rabi ina karɓar gaishe-gaishe, wata waya ta shigo. Muryar saurayi ce, yana haki, amma da jin sa ka san murna yake yi. Ko sallama bai yi ba.

"Malam, mun kama shi. Ɓarawon san nan da ka faɗa, ga shi a hannunmu."

Na ce, "Wane ɓarawo?"

Ya ce, "Tsaya ka ji da kunnenka."

Ya miƙa wayar cikin taron, kuma layin a buɗe yake, duk wanda ya kamo tasharmu a safiyar nan ya ji abin da na ji. Na yi shekara da shekaru ina kwaikwayon duka, ashe ban taɓa sanin ƙararsa ba. Ba ta da kaifi irin na bel. Ƙara ce mai nauyi, kamar ana daka jiƙaƙƙen gero a turmi, gora tana sauka wata tana tashi, ga hayaniyar maza kowa yana neman wurin da zai kai nasa hannu. Wanda ake duka kuwa bai ce wayyo ba ko sau ɗaya. Muryar tsoho ce, tana fita a guntule tsakanin saukar sanduna, kuma magana ɗaya yake ta maimaitawa: "Kai shi zan yi. Kai shi zan yi." Sai na ji wani abu ya yi ƙas, muryar ta ɗauke na ɗan lokaci, ta dawo ƙasa-ƙasa. Can daga nesa wani yana cewa a kawo taya, wani yana kiran mai sayar da fetur na bakin titi.

Abokin aikina ya kai hannu zai yanke layin, na riƙe hannunsa. Na tambayi saurayin inda suke, ya faɗi sunan wata mararraba a kan hanyar Kafin Hausa. Na ce, "Don girman Allah ku dakata. Ba ɓarawo ba ne. San nan ɓata ya yi."

Ya yi dariya. Ya ɗauka cikin wasan ne. Ya ce, "Haba Malam, ai kai ka ce a sassama." Layin ya yanke.

Ban sake sa waƙa ba. Na jawo makirufo na faɗi gaskiya tsirararta, abin da ban saba ba. Na ce igiya ce ta tsinke, mai bajimin bai ce an yi masa sata ba, ni na ƙara wannan daga bakina, ƙarya na yi. Na ce mutumin da ake duka a mararrabar nan mayar da dabbar zai yi, duk wanda ke kusa ya je ya hana, za a ƙone bawan Allah a banza. Na faɗa, na sake faɗa, har muryata ta dushe. Shugaban sashenmu ya shigo ya tsaya a bayana yana kiran 'yan sanda a wayarsa. Tara ta yi, mai karanta labarai ta zo da takardunta ta tsaya a bakin ƙofa, ba wanda ya ce in tashi. Abin da ke ci mini rai shi ne na san masu dukan ba sa ji na. Rediyon da ta tura su tana can a teburin mai shayi, su kuwa suna tsakiyar titi, kuma ba a duka ana sauraro.

Yadda aka yi ya tsira, daga baya na ji a bakin wani direban bas. Ya taso daga Kafin Hausa da ɗalibai da 'yan kasuwa, rediyon motarsa a kunne, saura kaɗan ya iso mararrabar ya ji ni ina roƙo. Ya ce da ya hango taron bai rage gudu sosai ba, ya danne oda ya kutsa, mutane suka dare. Ya tarar an riga an rataya wa tsohon taya a wuya, an kwara masa fetur, ana neman ashana. Ya buɗe ƙofofin motar duka, ya ƙure ƙarar rediyon. Wata mata mai sayar da daddawa ta sauko daga motar, ta cire tayar, ta zauna a ƙasa ta ɗora kan tsohon a cinyarta, ta ce wanda zai ƙyasta ya haɗa da ita. Sai a lokacin suka ji muryar da ta aike su tana cewa ƙarya ta yi. Direban ya ce ba wanda ya ba da haƙuri. Sanduna suka riƙa faɗuwa ƙasa, kowa ya sulale, kafin 'yan sanda su iso wurin ya zama kamar ba a taɓa taruwa ba. Bajimin yana ɗaure a gindin darbejiya yana cin ciyawarsa.

A wani asibiti a Dutse na fara ganinsa. Dattijo ne siriri, zai haifi kamata. Kansa ya kumbura har idanun sun shige, gemunsa ya daskare da jinin da ya zubo daga kunnuwa, warin fetur bai bar jikinsa ba. Hannun dama da ya riƙa kare kansa da shi, yatsu huɗu a karye, ɗaya ƙashin ya huda fata ya fito. Haƙarƙari uku sun tafi. Da ma'aikatan suka yanke rigarsa, wata 'yar ƙaramar rediyo ta faɗo daga aljihu a farfashe, an ɗaure murfin batirinta da roba. Na fita waje na yi amai a gindin katanga. Mai bajimin ya zo da azahar, ya tsaya a kan tsohon yana hawaye, sannan ya juyo ya dube ni ya ce, "Malam, ni ban ce haka ba."

An dakatar da ni daga aiki, an yi ta kai ni ana kawo ni wajen hukuma, amma wannan ba shi ne labarin ba, kuma bai kai abin da ya kamace ni ba. Tsohon ya rayu. Kunnen hagu ya mutu gaba ɗaya, na dama sai an ɗaga murya sosai a kusa da shi. Hannun ya warke a ƙandare, ba ya riƙe fartanya. Gonarsa a shekarar 'yan'uwa ne suka yi masa gayya.

Sai da aka fara yankan gero na iya zuwa ƙauyensu. Sau biyu ina hawa babur ina juyowa daga hanya. Na same shi a ƙofar gida a kan tabarma, da ƙannensa biyu da babban ɗansa. Na gaishe su, na faɗi ko ni wane ne. Fuskar ɗan ta canza, ya miƙe, ɗaya daga cikin ƙannen ya riƙe masa riga. Aka matsa kusa da kunnen tsohon aka gaya masa. Sai ya yi murmushi, wallahi murmushi ya yi, ya ce, "A'a, mai shirin safe? Zauna, ɗana. Kullum da kai nake zuwa gona."

Shi ya ba ni sauran labarin, da ƙarfi irin na wanda ba ya jin muryar kansa. Bajimin ya faɗa masa gona da asuba bayan ruwan nan, ya cinye masa gero kunya guda. Ya kama shi ya ɗaure, ya sanar da mai unguwa, ya yi kwana uku yana yanko masa ciyawa. A safiyar nan yana shirin fita ya ji na ce fari, baƙin tabo a wuya, ƙahon hagu a karye, ya ji sunan ƙauyen. Ya ce a ransa, mutumin nan huɗarsa na jira. Nan take ya kashe rediyon don kada batir ya ƙare, ya jefa ta aljihu, ya kwance bajimin ya kama hanya.

Sannan ya ce, "Abu ɗaya ne ban gane ba. Suna dukana suna cewa rediyo ce ta ce. 'Ya'yan nan sun ƙi gaya mini. Me ka ce bayan na kashe?"

Na dubi ƙannensa, suka sunkuyar da kai. Na ce, "Baba, ka yafe mini, kuskure na yi." Ya girgiza kai, ya nuna kunnensa na dama, ya ce in matso, shi maganar yake so ya ji.

Na durƙusa a gefensa, na kai bakina kunnensa. A rediyo cikin raha na faɗe ta, da ɗan jan murya. A nan kuwa sai da na ɗaga murya har matan cikin gida suka yi tsit. Na faɗa masa duka, sa ba ya kwance kansa, kada a tambaye shi sunan kakansa, a sassama masa jiki. Na gaya masa har katifar da bel ɗin, da ihun da na yi. Ban taɓa jin kunya da tsanar bakina irin ta wannan lokaci ba.

Ya riƙa shafa ƙandararrun yatsunsa da hannun hagu. Can ya ce, "To, mutane sun yi dariya?"

Na ce sun yi. Bai ji ba, sai da na sake faɗa da ƙarfi.