Na ga hanjina a talabijin

"Baba, kwanta ta gefen hagu, ka naɗe ƙafafunka."

Ni da furfurata aka ce in tuɓe wando a wani asibiti a Gusau. Likita ya ɗauko siririn tiyo mai fitila a baki. Na ce ta ina zai bi? Ya faɗa min. Innalillahi! Ba don jinin da na shekara biyu ina gani a bayan gida ba, wallahi da na kama hanyar Tsafe.

Suka zura, suka hura iska, cikina ya kumbura. Sai ga hanjina a talabijin, ja wur, yana motsi.

Na ce, "Likita, duba da kyau. Ƙanena Sani ya ba ni sammu a fura tun rikicinmu na gonar gado. Yana nan ciki."

Ya ce, "Baba, ga abin da ke zubar maka da jini. Ɗan tsiro ne, kuma ba a fura ake ba mutum shi ba. Zan cire a kai a auna."

Na gan shi da idona, bai kai ƙwayar gyaɗa ba.

A kan wannan abin na hana iyalina taka gidan Sani. Bara matarsa ta rasu, ban je gaisuwa ba.

Maganar gona dai ya cuce ni, ban janye ba. Amma rashin gaisuwar nan ya tsaya min a rai. Jama'a, ana zuwa ta'aziyya bayan shekara guda?