Ranar da Likitan Inji Ya Ce Bai Ji Ba

Kafin hayaniya ta sauko bakin ruwa, shi ya riga ya buɗe rumfarsa. Shekara talatin da huɗu ke nan yana haka. Zai jingine kekensa a bayan rumfar, ya rataye rigar gida a ƙusa, ya zura wata shuɗiya wadda baƙin mai ya daɗe da cinye launinta. Daga nan ya cika rabin durom da ruwa, don a ciki yake gwada inji, ya shimfiɗa tsumma a kan benci, ya jera sufanu daga babba zuwa ƙarama. In guda ta yi ɓatan dabo, aikin kowa zai jira sai an nemo ta. Sannan ya zauna da kofin shayinsa yana fuskantar kogi, jirage na tashi ɗaya bayan ɗaya, shi kuma yana saurare.

Sauraron nan shi ne rabin sana'arsa. Ko bai ɗaga kai ba zai ce, "Wancan fuloginsa ya yi baƙi," ko kuwa, "Wannan ya tsuga mai da yawa a fetur, ku ji yadda yake tari." In aka duba, haka ɗin ne. Idan ciwon ya ɓuya, sai ya ɗauko doguwar sukundirebarsa, ya ɗora bakinta a jikin inji, ya manna ƙotar a kunnensa, ya lumshe ido. Daga nan sunan Likita ya samo asali, ya kuma bi shi har ya danne na yanka. Matuƙa jirage, masunta, mata 'yan kasuwa, da mu da muka tashi muna ƙetare ruwan nan zuwa makaranta, duk da Likita muka san shi.

A ƙarshen watan nan zai ajiye sufana. Ƙarfinsa bai ƙare ba, har gobe yana saɓa inji a kafaɗa ya hau gangare da shi. Dalilin ajiyewar daban ne, kuma shi ya sa ya cancanci a tsaya a jinjina masa.

Waɗanda suka riski farkon zuwansa suna ba da labarin lokacin da filafili ne kawai a kogin, ƙetarewa ɗaya ta cinye hantsi guda. Da ƙananan injina suka shigo, kowa ya ɗauka a ja igiya a murɗa hannu shi ke nan. Shi ya zauna ya koya wa mutane cewa inji ma yana da haƙƙi. Tambayarsa ta farko ga duk matuƙin da ya tayar da inji ita ce, "Ya yi fitsari?" Mu yara sai mu rufe baki muna ƙyalƙyala dariya. Sai da muka girma muka gane zancen: akwai wani siririn ruwa da ke tsartuwa daga gefen inji, shi ke nuna ruwan sanyaya shi yana zagayawa. In babu shi, inji zai yi zafi ya ƙone, kuma ba a bakin gaɓa yake ƙonewa ba, sai an kai tsakiya.

Matuƙa sukan ce, "Haba Likita, zanzaro ne ya yi gini a ramin, ya toshe."

Shi kuma ya ce, "To bari mu tambayi zanzaron." Ya zura 'yar waya a ramin. Wani lokaci ƙasa ta fito, ruwa ya biyo baya, a yi dariya a tafi. Wani lokaci kuwa shiru, sai a kwance ƙafar inji a tarar 'yar robar da ke tura ruwa ta ragargaje. Ranar jirgin nan ba ya zuwa ko'ina, ko wa ke ciki.

Akwai kuma jar igiyar da ke kashe inji idan aka fizge ta. Da hannunsa yake ɗaura wa matuƙa ita a wuyan hannu. Dogo, wanda ya fi kowa gudu da surutu a tashar, ya daɗe yana tirjewa.

"Baba, ni akuya ce da za a riƙa ɗaure ni kullum?"

"Akuya ta fi ka jin magana. Miƙo hannun."

Wata rana jirgin Dogo ya daki gungumen da ruwa ya ɓoye, Dogo ya wuntsila cikin kogi. Igiyar ta bi shi, inji ya mutu nan take. Da ba don haka ba, jirgin zai yi ta juyi ba matuƙi, farfela na neman wanda ke cikin ruwa. Fasinjojin da suka jawo shi sun ce da ya gama amayar da ruwa, abin da ya fara faɗa shi ne, "Kar wanda ya gaya wa Baba." Kafin su iso gaɓa labari ya riga su.

Irin wannan ya sa maganarsa ta zama hukunci. In Likita ya ce inji lafiya, uwa za ta sa jaririnta a jirgi hankali kwance.

Abin da ba wanda ya sani a bakin ruwa shi ne, tun bara wani abu ya fara sauyawa. A gida aka fara lura. Mai ɗakinsa za ta leƙo ta ce, "Malam, butar nan tun ɗazu take ihu a kan wuta, kana zaune kusa da ita." Ya ce hankalinsa ne ya tafi wani wuri. Rediyo ya riƙa ƙure masa murya, yana ɗora laifin a kan batir. 'Yar jikarsa ta yi masa magana da siririyar muryarta, sai ya ga bakinta na motsi, ya yi murmushi ya ce, "Haka ne," ba tare da ya san me ya amsa ba. Manyan sautuka suna nan, yana jin tsawa, yana jin rurin inji. Ƙananan ne suke sulalewa ɗaya bayan ɗaya. Ya sani, ya kuma bar wa cikinsa. Mutumin da duk gari ke rantsuwa da kunnensa, ta ina zai fara?

Ana nan damina ta yi nisa, kogi ya cika ya yi ja, yana gudu da rassan itatuwa. Wata ranar Talata da yamma Dogo ya kawo injinsa yana wahalar tashi. Likita ya sauya fulogi, ya wanke kafireta mai haɗa fetur da iska, ya tayar da shi a durom, ya sa giya, ya kara kunne. "Lafiyarsa ƙalau," in ji shi. "Je ka."

Washegari da safe jirgin ya cika: mata da kwandunansu, 'yan makaranta da jakunkuna a cinya, wani tsoho da za a kai asibiti. Mutum ashirin da uku. A kusa da inji, inda ta saba zama shekara da shekaru, akwai Gwaggo Mai Kifi, wadda ba ta san ko sunan ƙarfe ɗaya a jikin inji ba, amma ba ta taɓa rasa abin faɗa ba. Dogo ya ja igiya, inji ya kama, ya yi fitsarinsa, aka sa giya. Jirgi bai fi tsawon gora uku da barin gaɓa ba ta ɗaga hannu.

"Kai Dogo, dakata. Yau muryar injin nan ba irin ta kullum ba ce."

"Gwaggo, yunwa ce ke miki kuka a kunne. Ba ki karya ba ne?"

"Ubanka ne bai karya ba. Akwai wani abu can ƙasa yana kuka kamar sauro."

Jirgi ya ɗauki dariya. Wata daga baya ta ce, "Yau kuma Mai Kifi ce za ta koya wa Likita aiki!" Dogo ya rage wuta, ya juyo wajen rumfa yana washe baki. "Baba, ka ji sabuwar likita! Jiya-jiya ka duba shi, ko ba haka ba? Mu wuce?"

Likita yana tsaye a bakin gaɓa da tsumma a hannu. Ya karkata kai ya saurara. Ruri ne kawai, sumul, irin na jiya. Ya juya ɗaya kunnen. Babu sauro, babu komai. Duk idanu na kansa, kuma ya san abin da suke jira: ya ɗaga hannu ya ce su tafi, a ƙara yi wa tsohuwa dariya, sunansa ya zauna daram. Wataƙila ma ba komai ɗin ne. Sai ya dubi ruwan, yadda yake murɗawa a tsakiya kafin ya faɗa kan duwatsun da ke ƙasa da mashigi. Ya tuna butar gidansa.

"Dawo da shi," ya ce.

"Baba?"

"Na ce ka dawo da jirgin nan."

Aka dawo ana gunaguni. 'Yan makaranta na cewa za a rufe ƙofa, mata na cewa kasuwa za ta watse. Likita ya durƙusa gaban Gwaggo kamar ɗalibi.

"Mai Kifi, gaya mini. Kukan nan, tun da aka tayar yake yi, ko sai da aka sa giya?"

Ita kanta sai da ta yi turus, don ta shirya faɗa ne, ba tambaya ba. "Sai da ya tura ƙarfen nan gaba."

"In ya ƙara wuta, yana ƙaruwa?"

"Yana ƙara tsini."

Wata yarinya mai farar riga ta ce a hankali, "Ni ma na ji, Baba."

Ya gyaɗa kai. Aka ciro inji aka ɗora a kan benci. Ya tara gwangwani, ya kwance dunƙulen ƙusar da ke can ƙasan ƙafar inji, inda man giya yake. Maimakon mai ya fito garau, sai ga wani abu fari-fari kamar madarar da ta lalace, yana ƙyalli da garin ƙarfe. Ya cire farfela. A bayanta zaren kamun kifi ya nannaɗe, ya ci robar da ke hana ruwa shiga, ruwa ya gauraye da mai, boris ɗin da sandar farfela ke juyawa a kai yana cin kansa. Dogo ya shafa garin ƙarfen a yatsa, dariyar ta bar fuskarsa. Ya fi kowa sanin inda giyar nan za ta cije: inda ake buɗe wuta a yaƙi igiyar ruwa, da mutum ashirin da uku da filafili guda ɗaya.

Nan ne wani a matsayin Likita zai ce ai dama ya yi zargi. Da ya faɗi haka, ba mai musa masa. Likita ya goge hannunsa, ya ɗaga murya yadda na bayan rumfa ma za su ji.

"Jama'a, ku saurara. Jiya na kara kunne a injin nan, ban ji ba. Yau ma ina tsaye a nan, ban ji ba. Mai Kifi ce ta ji. Kunnena ya fara tafiya, kuma ya daɗe da farawa, ni na ɓoye muku. Ku yafe ni."

Gwaggo ce ta fara magana. "Kai dai wallahi tsohon banza ne. Da ka faɗa tun tuni, ai da na riƙa ara maka nawa." Aka yi dariya, wasu na share ido da gefen mayafi.

Tun daga ranar bai sake yanke wa inji hukunci shi kaɗai ba. Ya kira biyu daga cikin waɗanda ya yaye, yanzu magidanta ne masu rumfunansu, ya ce ɗaya ya dawo ya riƙe tashar. Watanni uku ya yi yana miƙa masa aiki, yana nanata masa abin da shi kansa ya koya a makare: a riƙa buɗe man giya ana gani da ido, kar a jira sai ya yi kuka, a cire farfela a duba zare duk mako, kuma duk fasinjan da ya ce ya ji wani abu, a kashe inji a saurare shi, ko da yaro ne. An roƙe shi ya zauna, an ce hannunsa da idonsa sun isa. Ya ce mutane sun saba jingina da kunnensa, in yana nan ba za su daina ba.

Baba Likita, kai ne ka ƙetarar da mu shekara da shekaru ba tare da ka taɓa riƙe akalar jirgi ba. Kai ne mai hana tafiya don a isa. Mun ga ƙwarewarka tun muna yara, mun ɗauka ita ce mafi girman abin da kake da shi, ashe ba mu ga komai ba sai ranar da ka tsaya gaban waɗanda ke girmama ka, ka ce ba ka ji ba. Ba ka da takardar shaida a bango, ba a taɓa kiran ka taro an ba ka kujerar gaba ba. Allah ya saka maka da alheri, ya ba ka hutu mai daɗi, ya bar maka abin da ya rage na jinka ka sha hirar jikokinka.

Ga sauranmu kuwa, malami ne ko direba, ma'aikaciyar jinya ko mai gyaran waya, duk wanda mutane suka ɗora ransu a kan ƙwarewarsa: akwai ranar da wani wanda bai kai ka sani ba zai ce maka ya ji abin da ba ka ji ba, jama'a kuma suna jiran ka ƙaryata shi. Ranar ka dawo da jirgin.

Mutum ashirin da uku sun koma gidajensu a yammacin Larabar nan suna mitar an ɓata musu safiya. Sun ci abinci, sun yi faɗa da 'ya'yansu, sun kwana a gadajensu. Mun gode, Baba.