Gorar Kawu Bawa

Duk wanda ya san Kawu Bawa mai faci a bakin tashar Gusau ya san gorar nan tasa. Ɗaurin aure, suna, kai har masallaci da ita yake zuwa, ya jingine ta kusa da takalmansa. Ba dogarawa yake yi da ita ba, don shi ɗan guntun mutum ne mai zafin tafiya. Awo yake yi. Duk yaron da kansa ya wuce tsawon gorar ya gama buga ƙwallo a ƙungiyarsa ta yaran Tudun Wada.

Ni ɗan ƙanwarsa ne, ni ne kuma mai ci wa ƙungiyar ƙwallo, in dai za a kira wanda ya ci uku a shekara biyu mai ci. Lokacin zazzaɓin ƙwallo ya kama gari, kowace unguwa ta kafa ƙungiyar yara, kowa kuma ya san irin "yaran" da ake kawowa. Kawu ya rantse sai ya ci wasa ɗaya da yaran gaskiya kafin ya mutu. Ɗaya tak!

Ƙwallonmu kuwa faci ya fi fata yawa a jikinta. In ka buga ta gabas, sai ta yi shawara ta nufi kudu. Malam Isa direba, amininsa, ya taɓa ce masa ya ji tsoron Allah ya sayi sabuwa.

"Mi ta yi maka?" in ji Kawu. "Wagga ta san ƙahwahun yarana. Sabuwa sai ta yi shekara tana tambaya."

Ran da muka je Tsafe a bayan motar Malam Isa, cikin buhunan masara, muka tarar da mai tsaron gidansu ya sha aski har haɓarsa tana ƙyalli. Kawu ya nufe shi da gora, ta tsaya masa a ƙirji.

"Malam, sha ukku nika da," in ji mai tsaron gidan da wata murya kamar ta injin niƙa.

"Sha ukku mi? Shekaru ko ɗiya?"

Ana hutun rabin lokaci sai ga wata yarinya a guje ta nufo shi: "Baba, Inna ta ce ka taho da daddawa!" Tara suka zura mana. A mota Kawu ya dube mu muna share hanci, ya faɗi abin da yake faɗa kullum: "Ba a ci mu ba, lokaci na yaƙ ƙare."

Haka muka yi ta shan kashi har mutanen tasha suka daina yi mana dariya, suka koma yi mana jaje, wanda ya fi ciwo.

Sai ga dama ta zo. Wani malamin firamare a Bungudu ya aiko cewa yana da yara, yaran gaske, wasu ma ba su gama famfara ba. Kawu har da sa sabuwar hula. Ran wasan da safe a tasha ya jera mu awo kamar yadda ya saba. Da aka zo kaina na lanƙwasa gwiwa, ya ɗana mini gorar a ƙwauri na miƙe. Kaina ya wuce da yatsa guda.

Na ruga wurin wanzami aka yi mini ƙwal, na dawo. Bai rage komai ba.

"Kawu, yatsa guda hwa!"

"Yatsa guda na gani."

Malam Isa ya ce, "Bawa, wanga yaro shi kaɗai kaka da. Wa za shi sani?"

"Gora ta sani."

A bakin fili na zauna ina gadin takalma. Ba ci, ba ci, har dab da tashi. Sai ɗan bayanmu ya mayar wa mai tsaron gida ƙwallo a hankali, ta dira a kan faci, ta karkace, ta shige ragarmu. A hanyar dawowa muka jira Kawu ya faɗi maganar nan tasa. Bai faɗa ba. Ni kuma na yi fushi na daina gaishe shi, kuma har yau abin yana cina.

Daga nan yara suka yi ta wuce gora ɗaya bayan ɗaya, aka gina shaguna a filinmu. Da damina ta zo zazzaɓi ya kwantar da Kawu, kwana biyar ya rasu. Bai taɓa cin wasa ba.

Aka aike ni neman karan da za a auna tsawonsa a kai wa masu haƙa kabari. Damina ce, babu busasshen kara, sai na ɗauko gorar. Malam Isa ya shimfiɗa ta a gefensa, ya duba kai, ya duba ƙafa. Gorar ta fi Kawu da yatsa guda.

"Ashe Bawa bai wuce ba," in ji shi. "Da mun sani da shi munka sa gaba a Bungudu."

Dariya ta kuɓuce mana a gaban gawa, ban san lokacin da tawa ta koma kuka ba.

Allah ya jiƙanka, Kawu. Na gaishe ka, ko da na makara. Allah ya auna ka da rahamarsa, ya ɗaga maka ƙafa a kan yatsa gudan da kai ba ka ɗaga wa kowa ba.