Tabarmar Anti Bilki

A asibitin da nake aikin jinya a Dutse, idan mara lafiya ya cika, dangi ake yi wa gaisuwa. Ita kuwa wadda ta wuni tana neman jijiya a hannun yaron, sai dai ta wanke hannu ta wuce gado na gaba. Ma'aikaciya ba ta kuka, haka muka taras ana cewa.

Anti Bilki, shugabar ɗakin yara, ba ta taɓa yarda da wannan ba. 'Yar Taura ce, gajeriya, ga faɗa kamar me. In ta ga shara a ƙasa, har ɗakin magani ana jin muryarta. Amma duk ranar da aka yi rashi, sai ta nemo wadda abin ya faru a hannunta, ta ja ta gindin darbejiyar bayan ɗaki, ta shimfiɗa mata tabarma, ita kuma ta durƙusa kamar a gidan makoki.

"Ya haƙuri?" za ta ce.

Mu dai dariya muke yi a ɓoye. Ɗan wa ya rasu, namu?

Ana nan aka kawo mana Zakiyya, sabuwar ma'aikaciya daga Kafin Hausa. Damina ce, zazzaɓi ya cika ɗakin. Wata yarinya da ta shaƙu da ita ta rasu tana riƙe da hijabinta, Anti kuma tana hutu. Zakiyya ba ta zubar da hawaye ba. Abinci dai ya fita ranta. Rannan ta ce min barin aikin za ta yi, gara ta koma gida ta kama ɗinki. Na ji zafin maganar sosai, don hannun Zakiyya akwai albarka.

Anti tana dawowa ta ɗauko tabarma.

"Ya haƙuri, Zakiyya?"

"Anti, ai ba 'yata ba ce."

"Wa ke lallashinta ta sha magani? Wa ta riƙe? Amsa min gaisuwata, ba na son musu."

Zakiyya ta buɗe baki za ta ce da godiya, sai kuka ya ƙwace mata. Anti ta bar ta ta yi mai isarta, sannan ta tura mata kwanon fura. Washegari ta riga kowa zuwa aiki.

Bara Anti ta yi ritaya. Tana gidanta a Takur, ta mayar da faɗan kan awakinta, har ƙiba ta yi.

Makon jiya wani yaro ya cika a hannuna. Na wanke hannu, na nufi gado na gaba, sai na ji an taɓa min kafaɗa. Zakiyya ce, da tsohuwar tabarmar nan a hammata.

"Anti," ta ce, "zo mu je in yi miki gaisuwa."