Inna Mai Matsefata da Zangarniyar da Ta Cika

Kafin rana ta ɗumama ɗakin gilashin da muke renon tsirrai, Inna ta riga ta ja guntuwar kujerarta gaban tukwanen alkama. Sai ta goge tabarau da bakin mayafi, ta ɗauki matsefata irin ta cire ƙaya, ta shiga buɗe furanni ɗaya bayan ɗaya, tana cire ɓangaren namiji tun bai zubar da garinsa ba. Daga baya ta barbaɗa musu garin furen wata ciyawar daji, ta rufe zangarniyar da 'yar jakar takarda. Furen nan bai kai ƙwayar shinkafa ba. A haka na same ta lokacin da na fara aiki a cibiyar bincikenmu, ba ni da furfura ko ɗaya a kaina.

Ciyawar tana da abin da alkama ke nema, wato jure cutar tsatsa mai cinye gona. Sai dai tana ɗauke da wata ƙwayar gado mai mugun son kai. Duk ƙwan irin da bai gaje ta ba, sai ta kakkarya masa zaren gado, wanda masana ke kira kuromosom, ya mutu, ita kaɗai ta wuce zuwa jikoki. Masana suka ce ɓarnar nan ma makami ce, domin in zare ya karye, wani lokaci guntun zaren ciyawar yakan manne da na alkama. Sai a zaɓi tsiron da ya ɗauko juriyar, ya baro mai son kan. Faɗa da baki ba wuya. Inna ta raɗa wa ƙwayar suna Nikaɗai.

"Nikaɗai ta sake cinye rabon 'yan'uwanta," haka takan ce in ta murza zangarniya ta ji rabinta fanko. "Wannan da mutum ce, ba mai yarda a raba gado da ita."

Mai gadin cibiyar shaida ne a kan shekarar da famfo ya ƙafe, Inna ta riƙa jido ruwa a bokiti har wuyanta ya sage. Ni kuma shaida ne ranar da fankokin sanyaya ɗakin suka mutu, zafi ya dafa mana aikin shekaru. Shugabanmu ya zauna a kan buhun taki yana share hawaye. Inna ta ɗauko ragowar iri ta ce, "Ranka ya daɗe, kuka ba ya tsiro. Miƙo mini tukunya."

Ke ce uwar haƙuri, Inna. Ke ce kika yi wa dubban furanni ungozoma. Takardun binciken da aka buga babu sunanki a ko ɗaya, kuma abin yana ci mini rai.

Ana nan idanunta suka fara dushewa. Likita ya hana ta aikin ƙura ido, ta yi kunnen uwar shegu. 'Yarta ta biyo ta har ɗakin gilashi.

"Inna, don Allah ki bari. Alkamar nan ba za ta ja miki sanda ba."

"Bari dai in ga ta cika sau ɗaya, 'yar nan, sai in tashi."

Ba ta tashi ba sai da matsefata ta fara kuskure fure tana sokar yatsa. Ranar ta rataye ta a ƙusa, ta fita ba sallama.

Bana zangarniyar ta cika. Mun duba a madubin bincike, Nikaɗai ta fita, juriyar ta zauna. 'Yar Inna ta kawo ta riƙe da hannu, na ɗora mata zangarniyar a tafi. Ta bi ta da babban yatsa daga gindi zuwa kai, ta sake bi.

"Ba gurbi," ta ce. Sannan ta juyo inda take jin numfashina. "Ɗana, ta nuna ko da sauran kore?"

'Yarta ce ta riga ni amsawa, ta ce ta nuna.

Mun gode, Inna, Allah Ya saka miki da abin da mu muka kasa biya. Ku matasa, kujerar tana nan, matsefatar tana rataye a ƙusarta, ba wanda ya taɓa ta. Wani ya zo ya ɗauka, ya yi haƙuri irin nata. Amma in idonsa ya fara yaji, mu da ke kusa mu tashe shi, tunda ita ba mu tashe ta ba.