Baƙin San da Ya Fito Daga Rijiya

A ƙauyenmu, gabas da Kalfu, itace ya yi wuya tun ina yaro. Mata kan fita da sassafe, sai rana ta take su dawo da ɗan ƙunshin ƙirare a ka. Don haka wutar da muke ji lokacin ɗari ta karan gero ce da busasshen kashin shanu. Kakata, mahaifiyar babana, wadda kowa ke kira Kaka Hassu, ita ke da ikon wannan wuta. In an sauke tuwo sai ta kwashi garwashi ta kai ƙofar ɗakinta, ta ajiye kara bakwai ko takwas kusa da ƙafarta, tana turawa ɗaya bayan ɗaya. Mu jikoki mu kewaye ta, kowa ya cusa hannu cikin riga. Da karan ƙarshe ya cinye, gatana ta tsaya ke nan, ko da kura ta buɗe baki za ta cinye wani. Roƙo ba ya sa ta ƙara.

Ni take kira mijinta, tana tsokanata wai ni miji ne da bai taɓa kawo cefane ba. Ita ce ta koya mini tufka igiya da kaba, ita ce kuma ta fara ba ni goro na tauna, na yi ta tofarwa tana dariya.

Gatanar da ta fi zama mini ita ce wadda ta yi mana ranar da aka kafa injin niƙa na farko a garin. Ranar mata har guɗa suka yi. Gwaggona ta dawo da ƙwaryar gari a ka tana cewa daga yau dutsen niƙanta ya zama abin zama. Kaka ta taɓa garin, ta shaƙa, ta ce ya yi laushi. Ba ta ƙara komai ba sai da muka taru bayan magariba.

"Ga ta nan tahe, wa za shi tarbe ta?" in ji ta. Muka ce mu ne, ta shigo ta zauna.

Wai akwai wani gari da mutanensa suka gaji da jan ruwa da daka. Wata rana suna yasar rijiya sai ga wani baƙin sa ya fito daga ƙarƙashin ƙasa. Ba ya cin ciyawa, ba ya barci. Shi kaɗai yakan ja ruwan gari duka, ya niƙa hatsi, ya kai kaya kasuwa ya dawo kafin azahar. Amma tun ranar farko ya faɗa musu shi baƙo ne. Ya ce kullum rana ta faɗi, gashi ɗaya zai zube daga wutsiyarsa, ranar da na ƙarshe ya zube zai koma inda ya fito. Mutane suka dubi wutsiyar, gashi cunkus har ƙasa, suka yi dariya. Suka sayar da jakuna, suka hura wuta da turame, gara ta cinye igiyoyi. Yara suka taso ba su san ɗaurin guga ba. Garin kuwa ya yi ta girma, don duk wanda ya ji labarin san sai ya ƙauro.

Wata tsohuwa ce kaɗai ta riƙe gugarta, tana shafa mata mai, tana sabunta igiya. Takan je wurin manyan gari ta ce ta leƙa wutsiyar, ta fara sirancewa. Su ce sun ji, za a zauna a kai bayan girbi. Girbi ya wuce, wani ya zo. Ran nan aka wayi gari babu sa. Kowa ya ɗauko tulu ya nufi gidan tsohuwa. Ta ja ruwa tun safe har tafin hannunta ya tsage, ba ta shayar da ko unguwarta ba. Da ƙishi ya kori mutane, ita ma ta ɗaura gugarta a ka ta bi su.

Na tuna na ji haushi ƙwarai. Na ce ai ba haka ake yi ba, wanda ya shirya shi ke tsira, sauran su ji kunya. Kaka ta tura karan ƙarshe cikin wuta, ta ce, "Ta shirya, mijina, ba a hana ba. Amma guga guda ba shi shayar da gari. Ita ma ɗiyanta cikin garin suke." Ta ce gatana ta kwanta, mu ma mu je mu kwanta.

Kaka ta rasu ina saurayi. Na komo Tawa da zama, na yi aure, na samu garka a fadamar da ke hanyar garinmu ina noman albasa. Jigon ɗiban ruwa da na tarar a bakin rijiyar garkar na cire shi, na yi rumfa da itacen, na sayi injin ban ruwa. Kowa haka ya yi. Esansi, wato man fetur, a lokacin ko'ina akwai shi, a cikin kwalabe bakin hanya. Da injuna suka yi yawa ruwa ya yi ƙasa, muka ƙara wa rijiyoyi zurfi, muka ƙara tsawon tiyo.

Wata shekara wani ma'aikacin gona ya tara mu ƙarƙashin itacen bedi. Ya ce man nan ba zai dawwama da araha ba, a duniya ma ƙarewa yake yi, mu haɗa kai mu kafa babban famfo mai aiki da hasken rana. Muka ce ai ƙasarmu ma tana haƙo nata. Ni da bakina na ce a bari sai an sayar da albasa. Mutum ɗaya ne ya ji, maƙwabcina Malam Ada, ya sayar da raƙuminsa ya kafa ɗan ƙarami a garkarsa. Mun daɗe muna yi masa ba'a.

Da ƙarancin mai ya zo, albasata ta fara yin kai, lokacin da ta fi bukatar ruwa. Kwana uku ina tsaye a layin gidan mai da bido, wato jarka, a hannu, tare da 'yan kabu-kabu da direbobi, da wani mutum da ke neman abin da zai kai matarsa likita. Kafin a zo kaina aka ce ya ƙare. Na koma garka da matata Rabi, muka sa igiya da guga. Rijiyar ta yi zurfin da in ka jawo guga ɗaya sai ka huta. Daga safe zuwa la'asar fangalin albasa huɗu muka shayar, saura suna kallonmu.

Malam Ada bai tuna mini da ba'ar ba. Ya jawo tiyonsa ta kan shinge ya ce in shayar da albasata da rana tsaka. Washegari mu shida ne a bakin shingen. Ya raba mana lokaci, tasa albasar ta fara langaɓewa. A rana ta biyar ya same ni, ya kasa duban fuskata.

"Illa, ka gafarce ni," ya ce. "Abin bai iya ɗaukarmu duka."

Na ce na sani, Allah ya saka masa. Na zauna a kan kunyar garka ina kallon ganye yana kwanciya yana zama fari. Rabi ta tsinci 'yan ƙananan da za su yi miya, ta zuba a zanenta. Muka kama hanyar gida.

Da ina yaro na ɗauka Kaka gargaɗi take mana mu zama kamar tsohuwar nan. Yanzu ina jin ta san abin ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Ba garkata kaɗai ba ce. Niƙanmu, motar da ke kawo hatsi, ruwan famfon unguwa, injin da ke ba gidan likita wuta in lantarki ya ɗauke, duk a kan abu ɗaya suka rataya, kuma mun ninka yawan da muke da shi a zamaninta. Ɗiyata da ke karatu a lakwal ta tambaye ni me ƙasa za ta yi ranar da man ya tafi bai dawo ba. Na ce manya suna tunani a kai. Ta dube ni, ta san ban sani ba.

Bayan wasu makonni mai ya dawo. Malam Ada ya bi mu gida gida ya ce a zauna kan maganar babban famfon. Cikin masu garka duka mu bakwai muka je. Saura suna bakin rijiyoyinsu, ana jin ƙarar injunansu daga inda muke zaune. Muka yi shawara a jira a ga ƙarshen damina. Ni ma ban kai ƙarshen zaman ba. Na bar nawa injin yana aiki, ina tsoron kada man ya ƙone a banza, sai na nemi izini na tashi.